Na ɗora wa 5L turbo, yanzu hayaƙi shuɗi ya hana ni sakat

Mai Hilux 5L: Assalamu alaikum 'yan gida. Manyanmu, shawara nake nema. Hilux ɗina mai injin 5L ce, ta gas, wadda ba ta zo da turbo ba. Na sayi turbo CT20 ɗan Kwatano, irin na kan injin 2L-T, haɗe da manifol ɗinsa, aka ɗora mini a wani gareji. Ƙarfi kam ya ƙaru, hawan da a da sai na sauko giya ta biyu yanzu da ta uku nake haye shi. Matsalar ita ce hayaƙi shuɗi. In ta jima a silo, ko na gama gangara na sake taka totur, sai bayana ya turnuƙe. Na cire tiyon iska na tarar baƙin mai ya jiƙe bakin turbon. Wanda ya yi aikin ya ce sil ɗin turbo ne ya mutu, in sayo wani. Kafin in sake zuba kuɗi na ce bari in ji ta bakinku.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna. Shiga ƙarƙashin motar ka faɗa mana abu uku: daga ina aka jawo man da ke shiga turbo, da wane irin tiyo yake fita, kuma ta ina ya koma cikin kaskon baƙin mai. Na ƙarshen nan na fi son ji.

Mai Hilux 5L: To Baba, na duba. Na shiga ɗin daga ramin suwic ɗin fitilar mai aka jawo shi, an sa mahaɗa mai baki uku, sai siririn fayif na jan ƙarfe ya haura zuwa saman turbo. Na fita kuwa tiyon ruwa ne irin na hita, bai wuce kaurin babban yatsa ba. Ya sauko kaɗan, ya kwanta a jikin shasi, ya ɗan yi ciki, sannan ya shiga kasko can ƙasa kusa da notin da ake juye mai.

Tsohon Bakanike: Shi ke nan, ka kawo ɓarawon da kanka. Turbonka lafiya lau yake, in Allah ya yarda. Hanyar fitar man ce a toshe tun ranar da aka haɗa ta.

Ɗan Panteka: Baba ka yi saurin yanke hukunci. Ni irin wannan na sha gani, kuma abin da ke kashe hayaƙin shi ne a rage man da ke shiga. A sa noti mai ƙaramin rami a bakin turbo, milimita 1, magana ta ƙare. Famfon man injin gas yana da ƙarfi, yana tura mai fiye da abin da turbo ke iya sha, shi ya sa yake amayarwa.

Injiniya: Ɗan Panteka, don Allah kada ya yi haka a kan CT20. Turbo iri biyu ne ta wajen abin da sandar tsakiya ke juyawa a kai. Akwai mai boris, akwai mai bushi. Mai boris man da yake buƙata kaɗan ne, shi ne kamfanin Garrett ya ce a sa masa matsattsen rami na inci 0.040, wato wajen milimita 1, domin matsin mai a bakinsa ya tsaya tsakanin psi 40 zuwa 45 idan inji na iyakar gudunsa. CT20 mai bushi ne. Sandarsa ba ta taɓa ƙarfe, a kan siririn shimfiɗar mai take shawagi, tana juyin da ya haura 100,000 a minti ɗaya. Man nan shi ne boris ɗinsa, kuma shi ne ke kwashe zafin da ke ratsowa daga ɓangaren salansa, inda hayaƙin injin gas kan kai digiri 700 in ana jan kaya. Ka shaƙe masa mai da rami milimita 1, hayaƙi zai ragu ƙwarai, ba na musu. Amma ba don ka gyara komai ba, don ka hana shi abincinsa ne. Daga baya sandar za ta yi shuɗi, bushi ya cinye, farfela ta fara goga gida.

Ɗan Panteka: Injiniya, ku a takarda kuke gani. Motocin da na sa wa suna kan hanya har yau.

Injiniya: Wasu za su yi tafiya, musamman in ba a matsa musu. Akwai ma lokacin da mai bushi ke buƙatar a ɗan rage masa, idan an sa geji an auna an ga matsin ya wuce kima, kuma hanyar fita tana da kyau amma duk da haka yana zubarwa. Sai dai wannan shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba. A nan mutum ya gaya mana tiyonsa ya kwanta, ya yi ciki, ya shiga ƙarƙashin mai. Me ya kai mu wajen shiga?

Tsohon Bakanike: Bari in yi bayanin yadda abin yake, don yaran gareji da ke cikin gidan nan su amfana. Mutane na ɗauka akwai oyil sil na roba a cikin turbo, irin na kiranshaf. Babu. Roba ba ta iya zama a wannan zafin da wannan gudun. Abin da ke ciki ƙananan ringi ne na ƙarfe, masu kama da ringin fistin, ɗaya ta gefen iska ɗaya ta gefen salansa, kuma babban aikinsu hana iska da hayaƙi shiga tsakiya ne. Ba a yi su don su tare tafkin mai ba. Mai yana shiga da ƙarfin famfo, amma ba abin da ke turo shi waje. Nauyinsa kaɗai ke saukar da shi. Ga shi kuma ba ya fitowa yadda ya shiga, sandar ta riga ta kaɗa shi ya zama kumfa, ya ƙara auki. Shi ya sa za ka ga ramin shiga ɗan tsurut, na fita kuwa faffaɗa.

Kamar magudanar tsakar gida ce da damina. In bakinta na waje ya nutse a cikin kwata da ta cika, ruwa ba ya fita, ɗaki yake komawa. Tiyonka ya shiga kasko a ƙasan inda mai ya tsaya, don haka kumfar nan sai ta ture man da ke kasko kafin ta samu shiga, kuma ba ta da wannan ƙarfin. Sai ta taru a tiyo, ta hau, ta cika cikin turbo har ta kai sanda, ta bi ta ringin nan ta zube gaba da baya. Na baya ya ƙone a salansa, shi ne shuɗin da kake gani. Na gaba shi ne ya jiƙa maka tiyon iska.

Mai Hilux 5L: Allah ya ƙara girma Baba. Akwai yadda zan tabbatar kafin in sauke kasko?

Tsohon Bakanike: Akwai. Da farko inji a kashe, a sanyi, cire tiyon iska ka kama notin farfela ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne a mai bushi in ba mai a ciki, muddin farfela ba ta taɓa gida. Gaba da baya kuwa bai kamata ka ji wani motsin kirki ba. In wannan ya yi, cire tiyon fita daga kasko ka toshe ramin kaskon, ka sa wani tiyo mai faɗi daga turbo ya miƙe ƙasa cikin galan mai tsabta. Tayar da ita a silo na ɗan lokaci kaɗan, wani yana kallon galan, don man injinka ne ke zuba, kada ka tsaya hira. Za ka ga yawan man da ke bi ta wurin, kai da kanka za ka san wancan tiyon hitar ba zai ɗauka ba.

Direban Agadas: Ina yi muku sallama daga Nijar. Mu nan 1HZ ne abin hawanmu, Land Cruiser mai lita 4.2, kuma da yawa suna ɗora mata turbo CT26 na injin 1HD-T. Abin da nake so mai Hilux ya sani, kada ya ci gaba da yawo da ita a haka yana cewa hayaƙi ne kawai. Injin gazuwal, wanda kuke ce wa gas, yana iya cin baƙin mai kamar yadda yake cin gazuwal. In man ya taru a tiyon iska ko a intakula, mai sanyaya iskar turbo, wata rana ka taka totur ya kwashe shi gaba ɗaya, inji zai ɗauki gudu da kansa. Ka kashe makulli ba zai mutu ba, don ba ta famfo yake samun abin ci ba. Sai dai ka sa babbar giya, ka danne birki, ka saki kulochi, ko ka toshe masa iska da katako, ba da hannu ba. In ba haka ba yana yi har sai ya watse.

Mai Hilux 5L: Subhanallahi. Na ajiye ta, ba ta sake fita sai an gyara. To yanzu wane girman tiyo zan nema, kuma a ina za a huda?

Injiniya: Ƙa'ida ita ce kada wani wuri a hanyar fita ya fi ramin da ke gindin turbo ƙanƙanta. Auna ramin nan. Masu sayar da mahaɗan tiyo masu awon da ake kira AN suna cewa -10 ga fita, -4 ga shiga. Lambar tana nufin kashi nawa ne cikin 16 na inci, don haka -10 shi ne 5/8, wajen milimita 16, -4 kuma rubu'in inci. Ka lura da cikin mahaɗar kanta, domin sau da yawa tiyo na da faɗi amma nonon ƙarfen da aka cusa masa ya matse hanyar. In ka samu milimita 19 ma ya fi, faɗi ba ya cutar da hanyar fita.

Sannan saitin turbon. Tsakiyarsa tana juyawa in ka sassauta gidajen biyu, to a juya ta ramin shiga ya kalli sama, na fita ya kalli ƙasa sosai. Sandar kuma ta kwanta daidai da ƙasa, kada karkatarta ta wuce digiri 15. Daga nan tiyo ya yi ta gangara har kasko, ba kwanciya, ba ciki, ba lanƙwasa mai kaifi.

Mai Walda: Maganar huji tawa ce. Alhaji ka sauke kaskon, kada ka yarda a huda shi a jikin mota. In ya sauko, ka duba iya inda geji ke leƙowa ciki, ka gane inda layin cika yake, ka yi alama a jikin kasko. Ramin ya zama sama da alamar nan, can kusa da leɓen da ake ɗaurewa, amma a bar wurin da sifana za ta kama notocin. Kafin a huda a leƙa abin da ke bayan wurin. In bakin ya fuskanci wani ƙarfe dab da shi, ko ya faɗa daidai inda kiranshaf ke watso mai, ka koma gidan jiya. Ni ɗan guntun fayif nake waldawa, ya ɗan kalli sama, in yi waldar ta zagaye, in zuba kananzir in ga ko yana tsatsa. Tsohon ramin na ƙasa kuma a like shi da walda, ba da noti da gam ba.

Ɗan Panteka: Sauke kasko a Hilux mai gaba da baya aiki ne fa. Ana iya huda shi a jiki, a shafa giris a bakin abin huji ya kama ɓarɓashin, a wanke da gas a juye. Ana yi.

Mai Walda: Ana yi, na sani. Giris yana kama da yawa, ba ya kama duka. Kuma ba zan kunna wuta a jikin kaskon da ke da mai da tururinsa a rufe ba. Tunda dai dole a toshe tsohon rami, ai saukewar ta zama dole.

Yaron Gareji: Oga-oga ku yi haƙuri da tambayar ƙaramin yaro. Altanetar 5L tana da famfon birki a bayanta, kuma akwai tiyon da ke mayar da mai daga can. Me zai hana a haɗa na turbo da shi a huta da huji?

Tsohon Bakanike: Tambaya mai kyau, yaro. An yi wancan tiyon ne daidai da ɗan man da famfon ke zubarwa, ba zai ɗauki na turbo a kai ba. Ka haɗa su, ka jawo wa duka biyun matsala. Kowa da hanyarsa.

Mai Hayis: Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne tiyon hitar kansa. Robar tiyon ruwa ba ta shiri da baƙin mai. Tana kumbura, ta yi laushi, cikinta ya saɓule ya rufe hanya alhali daga waje kana ganinta lafiya. A nemi tiyon da aka yi don mai da zafi. Jan tiyon silikon ɗin nan na iska ma ba ya yi, yana gumin mai, sai dai wanda aka yi wa shafi na musamman a ciki. Abin da ya fi, a fara da fayif ɗin ƙarfe daga gindin turbo inda zafi ya fi yawa, a sa guntun tiyo a ƙasa ya haɗa da kasko don ya shanye girgiza.

Injiniya: Haka ne. Mu koma kan hanyar shiga, don ita ma ban gamsu da ita ba, ko da yake ba ita ke kawo hayaƙi ba. Fayif ɗin jan ƙarfe yana taurara da girgiza, injin gas kuwa ba ya rabuwa da girgiza. Wata rana zai tsage a wuyan noti, ya fesa mai a kan manifol mai zafi, ga gobara ga inji ba mai. A canza shi da fayif ɗin ƙarfe irin na asali, ko tiyon Teflon mai saƙar waya. In mai saƙar waya ne a ɗaure shi da kilif, don duk abin da ya goga sai ya ci shi, har wayar wuta. A nisanta shi da manifol, inda ba yadda za a yi a sa masa rigar zafi.

Sai mahaɗar nan mai baki uku. Ramin suwic ɗin mai a injinan Toyota zaren BSPT ne na 1/8, mai zare 28 a inci. Yawancin mahaɗan da ke yawo a kasuwa NPT ne, mai 27. Da ido ba ka bambance su, zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, mai ƙarfin hannu ya ƙarasa shi da sifana ya lalata zaren bulok. Kuma ko zaren ya dace, ka rataya suwic da fayif a kan 'yar mahaɗar tagulla tana lilo a jikin inji, karyewa take yi. Gara a fito da gajeren tiyo daga bulok, a ɗaure mahaɗar a wani wuri mai ƙarfi.

Mai Hayis: Masu matse tiyon haidirolik na manyan motoci fa? Akwai su a Ƙofar Ruwa, suna yi maka daidai tsawon da kake so.

Injiniya: Suna da amfani sosai. Kan mahaɗa irin JIC da suke matsewa kusurwar bakinsa digiri 37 ce, daidai da AN, suna shiga juna. Wanda ba ya shiga shi ne mai digiri 45 na masu gyaran firji. Sai dai ka gaya musu aikin da zai yi, domin tiyon haidirolik na roba da aka saba gani yana jure matsi mai yawa amma zafinsa iyakarsa wajen digiri 100 ne. Kusa da turbo zai gasu ya bushe. Ka ce na Teflon kake so.

Tsohon Bakanike: Kuma ina roƙonku da girman Allah, ku raba hanyar man turbo da gam da farin tef. Gam ɗin da ka shafa a gindin turbo, rabinsa ciki yake matsewa ya rage ramin. Tef kuwa in ya yage, guntunsa bushi zai nufa kai tsaye. Gaskit sabo a busasshe a wajen fita. In notin shiga mai rami ne a ciki, washa biyu na jan ƙarfe sababbi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wasu notocin irin wannan suna da 'yar raga a ciki, duk wanda ya yi aikin Peugeot mai 1.6 HDi ya san ta, in datti ya toshe ta turbo ya tafi. A duba kafin a ɗaura. Sabon tiyo ma a wanke shi a busa masa iska, don yankan da aka yi masa yana barin gari a ciki.

Direban Agadas: Ƙari biyu daga masu bin rairayi. Filtar iska in ta toshe da ƙura, turbo yana zuƙa bai samu iska ba, sai ya zuƙo mai ta ringin gaba. Lokacin hazo wannan kaɗai ya isa ya jiƙa maka tiyo. Na biyu, bututun numfashin inji da ke kan murfin bawul. Inji da aka ɗora wa turbo yana ƙara tura iska ta gefen fistin zuwa kasko. In numfashin ya toshe ko ya yi ƙanƙanta, iskar za ta bi tiyon fitar man turbo ta hau, ta tare man a hanya, ko da hujinka ya yi daidai.

Ɗan Panteka: Wannan na numfashi gaskiya ne. Kuma a duba inda aka mayar da tiyonsa. In an bar shi a bayan turbo inda iska ke da matsi, kai da kanka kake hura kasko. Gaban turbo ake kai shi, tsakanin filta da farfela. Amma ni dai har yanzu ina nan kan bakana, in an gama duk wannan bai daina ba, a rage mai.

Injiniya: In an gama duk wannan, aka sa geji aka auna, sai mu zauna mu yi maganar girman ramin. Ba milimita 1 ba dai.

Mai Hilux 5L: 'Yan gida ga rahoto. An sauke kasko, kuma da muka yi alamar layin mai, tsohon ramin yana ƙasa da ita da kusan faɗin yatsu uku. Tiyon hitar da na tsaga shi, cikinsa ya yi laɓo-laɓo kamar yadda mai Hayis ya faɗa. An walda sabon fayif a sama, an sa tiyon mai na milimita 19, gangara tun daga sama har ƙasa. An canza na shiga zuwa mai saƙar waya. Ba a sa matsattsen rami ba. An wanke tiyoyin iska duka. Gobe za mu tayar, akwai abin da zan kiyaye?

Tsohon Bakanike: Kada ka tayar da shi a bushe. Kafin ka ɗaura na shiga, ɗura baƙin mai mai tsabta a ramin turbo kana juya farfela da yatsa. Sannan ka cire wayar da ke buɗe gas a jikin famfon injekta, ka yi ta ba ta sitata kaɗan-kaɗan ba tare da ta tashi ba, har fitilar mai ta mutu. In ka bar tiyon fita a kwance daga kasko ka ga mai ya ɓullo ta can, ka tabbata ya zagaya. Mayar da komai, tayar, bar ta a silo wasu mintuna ba totur, kana bin kowace mahaɗa da farin tsumma. Sake duba geji bayan nan. Kuma kada hankalinka ya tashi in ta yi hayaƙi da farko, man da ya kwanta a salansa sai ya ƙone tukuna.

Mai Hayis: In ka sha doguwar tafiya ko ka ja kaya, ka bar ta a silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe. In ka kashe da zafinta mai yana tsayawa a kan sanda ya ƙone ya zama gawayi, shi ke toshe hanyoyin a hankali.

Mai Hilux 5L: Alhamdu lillahi. Da farko ta yi hayaƙin kamar yadda Baba ya ce, na fita da ita titin Zariya na dawo ya ɗauke. Na bar ta a silo ta jima, na taka, ba shuɗi. Tiyon iska a bushe. Turbon nan dai shi ne wanda aka ce in jefar. Saura abu ɗaya: na ga wasu ramuka biyu a gefen tsakiyar turbon an toshe su da noti, Injiniya na ruwa ne?

Injiniya: Na ruwa ne, kuma gara a haɗa su tunda akwai su. Ɗauko hoton gefen injin ta wajen tiyoyin hita ka buɗe sabuwar tambaya, sai mu ga inda za a jawo da inda za a mayar.